Roba ko ƙarfen jim, wanne ya fi wa kafaɗar ɗan badmintin amfani?

Salam 'yan uwa. Ɗan uwanmu da yake tambaya cewa in ya buga ta sama shotul ɗin, wato ƙwallon gashin da ake bugawa, baya kaiwa ƙarshen fili, kuma washegari gaban kafaɗarsa na masa ciwo, shin ya yi rajistar jim ya fara ɗaga ƙarfe ne ko ya sayi robar motsa jiki irin wadda ake ja, to ga abinda na sani, Allah yasa ya amfane ka.

Ka fara duba nauyin abinda kake riƙewa. Raket yawanci bai kai giram 100 ba, shotul kuma wajen giram 5 ne, kaga kenan ba ƙarfin ɗaga kaya ake nema a wasan nan ba, sauri ake nema. Saurin kuma daga ƙafa yake tasowa, ya bi ƙugu da juyawar jiki, ya zo kafaɗa, sannan damtse ya murɗa a ƙarshe. Babban aikin kafaɗa shine ta bar ƙarfin nan ya wuce ta cikinta sannan ta tsayar da hannun bayan ka buga, kuma masu wannan aikin wasu ƙananan tsokoki ne guda 4 da suka zagaye gaɓar suna riƙe kan ƙashin a mazauninsa, sai waɗanda ke riƙe allon kafaɗa ta baya. Duk wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo, doguwar gangarar nan ta hanyar Jos zuwa Akwanga, a mota ya san ba injin yake tunani ba a lokacin, birki yake tunani. To su ne birkin, kuma a wajen mu masu bugawa Asabar da Lahadi su ne suka fi rauni.

Ƙarfen jim yana da amfaninsa ba ƙarya, kana sanin kilo nawa ka ɗaga yau, wata mai zuwa ka ƙara, kuma babu abinda ya kai shi gina baya da cinya. Matsalar ita ce abinda mutanenmu keyi in sun shiga jim, kowa sai benci, a kwanta a yi ta tura ƙarfe sama don ƙirji ya fito, ga turawa ta saman kai da nauyi. Wannan gaban jiki yake ƙarawa ƙarfi, gaban da simash, wato dukan shotul da ƙarfi daga sama, ya riga ya ƙarfafa shi, sai kafaɗun su dinga ranƙwafowa gaba, bayan yana nan yadda yake. Kai da gaban kafaɗarka ke ciwo wallahi bana so ka fara ta nan. Sannan shi dambel, ƙarfen nan da ake ɗagawa da hannu ɗaya, ƙasa kawai yake ja, in kana so ya kama tsokokin bayan nan dole ka kwanta ta gefe ko rub da ciki, kuma kilo 1 zuwa 2 ya isa, wanda da yawa kunya suke ji a gansu da shi a jim sai su ɗau mai nauyi su dinga taimakawa da wuya da jiki, aikin ya tashi a banza.

Ita roba duk inda ka ɗaura ta nan take ja. Ka ɗaura a ƙarfen taga daidai gwiwar hannu, ka naɗe ƙaramin tawul ka matse shi tsakanin gwiwar da haƙarƙarinka, ka lanƙwasa hannun, sai ka buɗe shi waje a hankali kamar sakan 2, ka dawo da shi kamar sakan 3 ko 4. Dawowar nan ita ce zancen, kar ka bari robar ta fizge ka, in tawul ɗin ya faɗi to ka san ka fara ha'inci. Sau 12 zuwa 15, zagaye 2 ko 3, zakaji wani zafi zafi can bayan kafaɗa, wurin da baka san akwai tsoka ba. In wannan ya zauna sai ka ɗaga gwiwar daidai kafaɗa, irin tsayuwar da kake yi in zaka buga ta sama, ka maimaita. Sai jan robar zuwa fuska kana haɗe allunan kafaɗa biyu. Abinda dambel bazai baka cikin sauƙi ba kenan, ƙarfi a daidai inda hannunka yake lokacin wasa.

Aibinta kuma shine baka san takamaiman nauyin da kake ja ba, tana saki in ta tsufa, kuma tana tsinkewa, don haka ka dinga duba ta musamman lokacin da iskar hunturu ke busar da komai. Masu yanko tiyub wajen mai faci, yana yi, amma ya cika tauri kuma kar a ja shi saitin ido.

Ni dai in ni ne kai roba zan fara da ita, sau 3 a sati har sati 6 zuwa 8 kafin na yanke hukunci ko tana aiki, kuma ta zauna cikin jakar raket, saboda sanyin safiyar Jos ba wasa bane, a fito daga mota ko keke kai tsaye a fara dukan shotul da kafaɗa a sandare shine ke jawo wa da yawanmu ciwon nan. Minti 10 na ɗumama jiki da jan roba kafin wasa. Atisayen kwanciya ta gefe kuma, maimakon dambel gorar ruwa mai lita 1.5 ta isa, kilo 1.5 kenan baka kashe ko sisi ba. Bayan nan in kana da halin jim ka shiga, amma ka fi bada ƙarfi a ja da tsuguno, benci ya zama kaɗan.

Batun shotul baya kaiwa baya kuwa, nan Jos muna sama da mita 1,200, iska ba kauri, shotul ya fi gudu akan yadda yake yi a Legas, don haka in a nan ma baya kaiwa ina zargin riƙon raket ne ko baka juya gefe kafin ka buga, ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo ta baya ka turo mu gani. Amma in ciwon yana tashinka da dare, ko baka iya ɗaga hannu ka sa riga, ko ya wuce sati 2 baya raguwa duk da ka huta, don Allah ka aje raket ka je wajen likitan fisiyo, mai kula da ciwon gaɓoɓi da tsoka, ya duba ka kafin ka taɓa roba ko ƙarfe.