Famfon Taimaka wa Zuciya: Wanne Ya Fi Tausaya wa Jijiyoyin Jini?

Idan likita ya ce zuciya ta gaza har sai an dasa mata famfo, iyalai sun fi tambayar ƙarfin batir da shekarun da na'urar za ta yi. Ba kasafai ake tambayar yadda jinin zai riƙa gudana ba, alhali nan gizo ke saƙar.

Jijiyar jini ta saba da bugu. Kowane bugun zuciya yana buɗa bangonta ya sake shi, kuma wannan motsin ne ke sa shimfiɗar cikinta ta fitar da sinadarin da ke sassauta ta. Famfunan farko, irin su HeartMate XVE, suna tura jini bugu-bugu kamar zuciya, amma manya ne, sassansu kuma ba sa daɗewa.

HeartMate II, da aka amince da shi a Amurka a 2008, ƙarami ne mai juriya, sai dai jini kwarara kawai yake yi ba tsayawa. Mai ɗauke da shi sau da yawa ba a jin bugun hannunsa, da na'urar Doppler, mai sauraron gudun jini a jijiya, ake auna masa hawan jini. Yau da gobe bangon babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya yakan yi tauri, ƙofarta da ba ta yawan buɗewa ta manne ko ta fara yoyo. Ga farfelar da ke juyawa cikin famfon tana yayyanka furotin ɗin da ke taimakon daskarewar jini, sai jini ya riƙa zuba a hanji.

Wani famfon mai suna HVAD kam ba sai an ja magana ba, kamfanin Medtronic ya daina sayar da shi a watan Yunin 2021.

Ni dai HeartMate 3 zan nuna wa ɗan'uwana. Farfelarsa tana shawagi ne a kan maganaɗisu, ba ta gogar komai, kuma yana sauya gudunsa duk bayan daƙiƙa biyu, wato sau 30 a minti. Kada a ruɗe ka, wannan ba bugun zuciya na gaske ba ne, babban amfaninsa wanke cikin famfon don kada jini ya daskare. Duk da haka, a gwajin MOMENTUM 3 da ya kwatanta famfunan biyu, kusan kashi 58 cikin 100 na masu shi sun kai shekara biyar a raye, masu HeartMate II kuwa kusan 44. Shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, bai ɗauke ba, haka ma kula da wayar da ke fitowa ta fatar ciki.

Idan kuwa ɓangarorin zuciya biyu ne suka gaza, akwai zuciyar roba ta SynCardia mai bugu na sosai, amma sai an cire ɗakunan ƙasa na zuciyar gaba ɗaya, galibi kuma ana sa ta ne kafin a samu zuciyar dashe.