Salansa da wayar hambirkin Beetle: faci ko sabo?

Wani ɗan'uwa ya tambaya a kan tsohuwar Volkswagen Beetle ɗinsa, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975. Salansa ta ɓule, hambirki kuma sai ya ja shi har ƙarshe kafin ya kama. Ya kai wa mai walda a yi faci, ko ya sayi sababbi?

Malam, amsar biyu ce, don kayan ba hali ɗaya gare su ba.

Salansa tukuna. Faci yana yi idan ramin ɗaya ne, kuma ka ƙwanƙwasa gefensa da sifana ka ji ƙarfe na amsawa. In ka ji buf-buf, ƙurar tsatsa na zubowa, kar ka ɓata kuɗinka. Daga ciki take ruɓewa, saboda ruwan da hayaƙi ke tarawa a motar da ba ta tafiya mai nisa, shi ya sa ana liƙe nan can zai buɗe. A sababbin, ta ƙarfe gama-gari mai siffar ta kamfani ta fi araha, kuma ta fi zama daidai a mazauninta. Ta ƙarfen da ba ya tsatsa ta fi daɗewa, amma mai arhar cikinta kan tsage a bakin walda. Mu dai ta farkon muke zaɓa wa motar da ake hawa kullum.

Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a yanko salansar wata mota a liƙa. Ta Beetle tana da wurin haɗa siraran bututu biyu da ke kai zafi ƙarƙashin kafireto. In aka toshe su, mota ta dinga shaƙewa da sanyin safiya, tana shan mai. Sannan a motar da ke da hita, tana haɗe da akwatunan hita biyu masu kai iska mai ɗumi cikin mota. In suna yoyo, hayaƙi cikin mota zai shigo, kuma wannan kisa yake yi.

Wurin kwancewa ake kuka. Notuna huɗu ne ke riƙe ta a kan silinda ta 2 da ta 4, sifana 13, kuma kusoshinsu a cikin alminiyam suke. A jiƙa su da man kwance tsatsa tun dare, in sun ƙi a ɗan gasa su. Wanda ya sa ƙarfi ya karya kusa, ya jawo wa kansa aikin kwana biyu. A sa sababbin gasket, a ɗaura komai sako-sako, sai kowane baki ya zauna sannan a tamke.

Wayar hambirki kuwa ba ta da faci. Ɗauri ko walda a jikinta, ranar da ka faka a gangare za su ba ka kunya. Amma kafin ka saya, duba shu ɗin birkin baya, wato ƙarafan da ke matse duram daga ciki. Na Beetle ba sa saita kansu, kowace ƙafa tana da 'yan ƙarafa biyu masu haƙora da ake juyawa da sukudireba. Sau da yawa nan matsalar take, wayar lafiyarta lau.

In silinta ya fara tsinkewa ko ta ƙage, canza duka wayoyin biyu, ta ƙafar dama da ta hagu, don sabuwa da tsohuwa ba sa ja daidai. Tsawonta ya bambanta da shekarar mota, saboda haka tafi da tsohuwar kasuwa. Sassauta babban notin ƙafar baya mai lamba 36 tun mota na ƙasa. Ɗaga ta, cire duram, zare ƙugiyar wayar daga shu, kwance notunan lamba 10 da ke gindin hambirki tsakanin kujeru, ka jawo ta ta baya. Shafa wa sabuwar giris kafin ka tura ta cikin bututunta. Saita shu tukuna, sannan wayar, har ya kama a ƙas na uku ko na huɗu, tayoyin biyu su tsaya tare.

Notin nan na 36 yana son ɗauri sosai, kusan 300 Nm. In ramin fil ɗin da ke kulle notin bai zo daidai ba, ƙara ɗaurewa ake yi, ba a komawa baya. A sa sabon fil, don in notin ya yi sako-sako haƙoran duram ne za su cinye.