Daga Sheffield: Na Fara Koyon Ƙira

Ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Inna da yara duk suna lafiya. Labarin da ka ji gaskiya ne, na shiga ƙira. Wata takwas ke nan duk Asabar ina gaban wuta, kuma tunda ka ce kai ma abin na ranka, bari in gaya maka yadda na same ta a nan Ingila.

Sheffield garin ƙarfe ne tun kaka da kakanni. A nan Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913. Manyan masana'antun sun ragu, amma ƙirar hannu tana nan, sai dai ba don neman abinci yawancin masu koyonta ke yi ba. Ajinmu akwai malamin makaranta, da wani tsoho ɗan fansho, da mata biyu. Maƙeran ƙasar har ƙungiya suka kafa tun 1978. Ba wanda ya tambaye ni ko gidanmu an gaji ƙira.

Fam 140 na biya kuɗin koyon yini ɗaya. Ina miƙa kuɗin na tuna maƙerar da muke wucewa ta wajen Ƙofar Doka, da tsohon da yake barinmu mu yi masa zuga in yaronsa ya gaji. Ko kwabo bai taɓa karɓa ba, mu kuwa wasa muka ɗauke shi. Abin ya tsaya mini a rai har yau. Ranar, ƙugiya ɗaya tak na ƙera, amma a cikinta na koyi fiƙe baki, da lanƙwasa, da murɗawa.

Inda suka fi mu ƙwarai shi ne wajen ƙarfe. Kowane ƙarfe da lambarsa. Ka nemi EN45 ta intanet, bayan kwana biyu ya iso ƙofar gida, da bayanin zafin da yake so da abin da za a tsoma shi ciki. A gida kuwa sai ka je wurin 'yan gwangwan ka tsinto sifirin mota, maƙeri ya buga ya saurari ƙararsa, ya duba tartsatsinsa, sannan ya gaya maka ko zai yi lauje. Na nan ya fi sauƙi ga ɗan koyo, ba ja. Amma kunnen nan da idon nan na maƙerinmu, shago ba ya sayar da su.

Wuta ma daban. Unguwarmu dokar hana hayaƙi ta hau kanta, don haka murhun gas nake amfani da shi, ɗan akwati mai bulo a ciki. Minti goma ya yi jajir, ba toka, ba zugazugi. Matsalarsa, abin da ya fi bakinsa faɗi ba ya shiga. Garma dai sai dai ka kalle ta. Kai da kake da gawayin ƙirya a kusa, kada ka raina shi, yana kai ƙarfe inda ake so.

Uwar maƙera tasu ƙatuwa ce mai ƙaho da ramuka, a tsaye ake aiki a kanta, ba a zaune ba kamar namu. Tsada gare ta, ko tsohuwa ce, tunda masu sha'awa sun yi yawa. Ni kan wata babbar guduma na kafa a kututture, na ga ashe kusan irin ta gida na koma. Masaba mai nauyin kilo 1 da awartaki biyu sun ishe ni. Sai haƙuri da maƙwabta, don a nan ƙarar duka bayan magariba takan jawo ƙorafi.

Abin da nake roƙonka ka ɗauka daga wurinsu shi ne kiyaye jiki. Ba a barinka kusa da wuta ba tabarau da abin toshe kunne. Tufafin auduga kawai, don na roba narkewa yake ya manne a fata. Kada ka kuskura ka sa ƙarfe mai farin shafe irin na kwanon rufi a wuta, hayaƙinsa na sa zazzaɓi. In za ka taurara wuƙa, riƙe maganaɗisu kusa: da zafi ya kai wajen digiri 770 na ma'aunin Celsius ƙarfe yakan daina kama shi, ka ƙara kaɗan, ka tsoma a mai. Bayan nan a sake ɗumama ta a wajen digiri 200, in ba haka ba karyewa za ta yi. Ta farkon da na yi haka ta tsage, don na yi gaggawa.

Kada ka jira in aiko maka da kaya. Ka sayi goro ka je ka gaida maƙeran, ka ce zuga ka zo yi. In tsohon nan yana da rai, ka gaishe shi da kyau, ka nemi izininsa ka ɗauko mini bidiyon yadda yake haɗa bakin fartanya. Malaminmu na nan ya ga hotonta a wayata, tun daga ranar yake tambayata yadda ake yin ta.