Gezna ko ƴar Sin: shaddar da za a kai wa tela

Da an ga wani tauraron Kannywood ya saka hoton babbar riga a Instagram, kafin sati ya zagayo hoton ya iso wayoyin telolin Maraɗi. "Irin wannan nake so." To amma da wace shadda?

Gezna, wato Getzner, a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya ake saƙa ta, kamfanin kuma tun 1818 yake. Zaren auduga ne mai kyau, shi ya sa take shan rini sosai, musamman rinin Bamako. In ta sha sitaci da bugu, tana tsayawa a jiki ƙyam, kana tafiya tana ƙara kamar sabuwar takarda. A wanke, a mayar wa masu bugu, ƙyallin ya dawo. Yayana ya shekara da shekaru yana zuwa Idi da wata ruwan ƙasa, har yau ba ta ba shi kunya ba. Sai dai kuɗin, kai, ba a magana, ga na zubi a wuya daban.

Ƴar Sin kuwa, wadda ake shigowa da ita daga Kantin Kwari ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, araha ce abinta. A hoto ba mai bambance ta da gezna. Wanki biyu uku, ta yi laushi, ƙyalli ya tafi.

Ni dai ga yara da ankon biki, ƴar Sin nake yanka. Yaron da kafin Babbar Sallah hannun rigar ya ɗage masa, me zai yi da gezna?