Kunun Tsiro na Wata Rumfa a Bakin Tashar Ringim

Makonni uku ke nan ina tsayawa a wata rumfa da ke bakin tashar mota a Ringim ta jihar Jigawa, inda wata dattijuwa take sayar da kunun zaƙin da ba ta sa masa sukari ko cokali ɗaya, domin duk zaƙinsa daga tsiron dawa yake fitowa. Ranar da na ce mata, "Inna, a ina gardin nan yake ɓuya?", sai ta jawo faifai ta nuna mini kaurar da ta jiƙa, ta shimfiɗa a kan buhu mai laima, tana yayyafa mata ruwa har ta tsira, sannan ta shanya ta a rana, ta murje saiwar da tohon, ta sheƙe. Murjewar tana da muhimmanci ƙwarai, domin ɗanyen tohon dawa yana ɗauke da dafi, irin wanda makiyaya suke tsoro idan saniya ta faɗa wa gyauro.

Mutanen Sukotland a kan irin wannan aiki suka yi suna. Dokarsu ta 2009 ta ce wiskin da suke taƙama da shi, wanda ake kira "single malt", sai an yi shi da tsiron sha'ir kaɗai, a masana'anta guda, ya kuma kwanta a gangar itacen oak aƙalla shekara 3. Wannan giya ce, haramun ce gare mu, kuma Jigawa tana kan shari'a tun 2000. Abin da na ara daga masu ɗanɗanonsu shi ne natsuwa kawai: a fara da hanci, a kurɓi kaɗan, a jira.

Da na yi wa kunun Inna haka, citta ce ta fara yi mini maraba, sai kanumfari, sai ɗan yajin masoro a maƙogwaro. A ƙarƙashinsu akwai wani ƙamshi mai kama da na tumu da aka gasa a gona lokacin kaka. Zaƙin ba ya dukan harshe nan take kamar na sukari. A hankali yake tasowa, ya daɗe a baki bayan an haɗiye, kuma ba ya barin ƙishirwa. Kaurinsa daidai ne, babu tsaki-tsaki, alamar an tace shi da haƙuri. A ganina ya fi lemon malt na kwalba, wanda shi ma kamfanoni suka koma yi da dawa bayan hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, amma suke cika shi da sukari.

Aibinsa guda biyu ne. Rumfar ba ta da firji, saboda haka daga la'asar tsami yakan danne ƙamshin gaba ɗaya, kuma tsofaffin robobin da ake zubawa a ciki ba su kwanta mini ba. Ni yanzu da hantsi nake zuwa, da jug ɗina mai murfi, in sa a cika mini tun bai bar tukunya ba.