Jarrabawar lasisin rediyon 'yan sha'awa a Amurka: yadda na same ta a hannun masu sa-kai

Na taso a gidan da ba a kwanciya sai an murɗa akwatin rediyo an kamo gajeren zango, saboda haka da zama ya kai ni Amurka na ji cewa mutum zai iya kafa 'yar tasharsa a ɗaki ya yi magana da mutanen wata nahiya, sai abin ya kwanta mini a rai. Sharaɗinsa shi ne lasisi daga hukumar sadarwa ta FCC, kuma ba a samunsa sai an ci jarrabawa. Na yi kusan wata huɗu ina ɗage ranar, domin duk lokacin da na buɗe littafin na ci karo da zanen da'irar lantarki da lissafin ƙarfin lantarki da ake kira dokar Ohm sai gabana ya faɗi.

Ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta garinmu ce ta shirya zaman, ranar Asabar da hantsi, a wani ɗaki na laburaren gari. Tun shekarar 1984 masu sa-kai ne ke gudanar da wannan jarrabawa a madadin hukuma, kuma dole ne a samu uku daga cikinsu a kowane zama. Na biya dala 15 a wurin, daga baya na biya hukumar dala 35 kamar yadda aka tsara tun 2022, lasisin kuma na shekara 10 ne. Wani dattijo mai furfura ya karɓi kalkuletata ya tabbatar babu abin da na ajiye a cikinta, ya miƙo mini fensir, sannan ya ce in kwantar da hankalina domin babu mai kora ta. Da na gama, su ukun kowa ya bi takardata da idonsa kafin su sa hannu, kuma wannan tsantseni ya burge ni ƙwarai ganin cewa ba albashi ake biyan su ba.

Matakin farko, wato Technician, tambayoyi 35 ne na zaɓi ɗaya cikin huɗu, ana buƙatar a ci 26. Dukkansu ana ɗebo su ne daga rumbun tambayoyi sama da 400 da aka wallafa a fili tare da amsoshinsu, kuma da yawansu kan doka da kiyaye kai daga haɗarin lantarki suke. Lissafin da ya hana ni barci bai wuce raba 300 da adadin megahaz don gane tsawon zango ba. Yau idan na tuna fargabar da na sha, sai in ga tsoron ya ninka jarrabawar girma. Dattijon nan ya ba ni labarin zamaninsu, lokacin da mai neman mataki na ƙoli sai ya iya ɗaukar saƙon tangarahu na Morse da kunne, kalma 20 a minti ɗaya, sharaɗin da aka sassauta a 2000 aka kuma soke shi gaba ɗaya a 2007.

Inda ƙungiyar ta gaza shi ne wajen sanarwa. Ba su bayyana tun da wuri cewa sai mutum ya yi rajista da hukuma ya samu lambarsa kafin ya zo ba, har wani matashi ya ɓata rabin awa yana cike-cike a waya, waɗanda suka gama kuma suna hira a bakin ƙofa wasu na tsakiyar rubutu. Sun dai ba ni damar gwada mataki na gaba, wato General, nan take ba tare da ƙarin kuɗi ba, na gwada ban kai ba, kuma a nan na gane cewa hadda ba ta maye gurbin fahimta.

Duk da haka zan tura duk mai niyya wurinsu ba tare da shakka ba. Wahalar da na fi ji ta zo ne bayan lambar kirana, wato lambar shaida da hukuma ke ba kowace tasha, ta fito, ranar da na danna makirfo a zangon mita 2 na yi ta kira babu amsa, ashe ban saita sautin da ke buɗe na'urar maimaita saƙo ba. A taron ƙungiyar na gaba dattijon ya karɓi rediyon, ya sa tabarau, ya nuna mini wurin cikin minti biyu.