Askar da na saya a kasuwar Wunti, bayan wata bakwai

Ƙurajen aski ne suka sa na sayi aska. Gemuna ba na taɓa shi, kumatu da wuya kawai nake gyarawa, amma duk ranar da na sa rezar roban nan mai baki uku, bayan kwana biyu ƙarƙashin haɓata ya cika da ƙuraje, wasu har da ruwa. Gashinmu mai nannaɗewa ne, idan aka yanke shi can ƙasa da fata sai ya lanƙwashe ya koma ciki. Na gwada hodar aski, wari da raɗaɗi suka kore ni. Abin da na lura shi ne, duk sanda wanzami ya yi mini gyaran fuska, ƙurajen ba sa kai haka.

A watan Fabrairu na shiga kasuwar Wunti ta Bauchi, wani shago da ke sayar da kayan masu aski. Iri biyu mai shagon ya ɗauko mini. Ɗaya ita ce wadda masu shagon aski ke amfani da ita, ana karya reza gida biyu a saka rabi, a gama a jefar. Ɗayar kuma aska ce sosai, ƙarfe guda, 'yar China, faɗin bakinta 5/8 na inci, tsininta a zagaye, ƙotarta ta roba. Ita na ɗauka, tare da fatar da ake goga ta a kai. Mai shagon bai takura mini ba, ya bar ni na buɗe guda uku na zaɓi wadda bakinta ya fi miƙewa, kuma na yaba masa a kan haka. Inda na ga laifinsa shi ne da ya ce mini, "Yallaɓai, da kaifinta ta zo, sai aski kawai."

Ba da kaifinta ta zo ba. Ranar farko tsigar gashin take yi, har idona ya kawo ruwa. Na ajiye ta kwana huɗu ina ganin na yi asarar kuɗina.

Akwai wani tsohon wanzami a unguwarmu da ke zama a gindin dalbejiya da zabirarsa, shi ya yi wa 'ya'yana askin suna. Na kai masa. Ya buɗe, ya gwada a gashin hannunsa, ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ai wannan ba a wasa ta ba. Ƙarfen ba laifi, amma aikin rabi aka yi." Ya ɗauko dutsensa ya zuba ruwa, ya kwantar da askar gaba ɗaya, baki da baya duk suna taɓa dutsen, yana kai ta yana dawo da ita a hankali kamar ba ya so. Ruwan ya yi baƙi. Ya fi minti ashirin a kai, sannan ya goga ta a fata, ya sake gwadawa a hannunsa, sai ga gashi yana zuba ba tare da ya danna ba. Na ce, "Baba, nawa zan bayar?" Ya ce in ba shi abin goro, amma in zauna tukuna ya ga yadda nake riƙe ta.

Wannan zaman ya fi mini wasin amfani. Ashe ina miƙar da askar ne kamar mai kankare tukunya. Ya kama hannuna ya kwantar da ita har bayanta ya kusa taɓa kumatuna, ratar ba ta wuce kaurin bayan askar sau biyu ba, wato wajen digiri 30 ko ƙasa da haka. Ya ce hannun hagu shi ne mai aikin, shi zai ja fata ta miƙe sosai, na dama kuwa binsa kawai yake. Kada a danna, nauyin askar ya isa. A riƙa ja gajere-gajere, a bi yadda gashi ya kwanta, ban da tayar da shi. Ga mai ƙuraje irina wannan na ƙarshen shi ne komai, domin gashin wuyana ba ƙasa ya nufa ba, gefe ya karkata, kuma sai da na bar shi ya yi kwana uku na shafa da yatsa kafin na gane.

Sati biyun farko kumatun dama kawai nake yi da ita, sauran in ƙarasa da injin aski. Duk mai farawa ina ba shi shawarar ya yi haka, kada ya ce sai ya gama fuska rana ɗaya. Sau ɗaya na yanke sosai, kusa da kunne, ranar da ƙaramar 'yata ta ƙwala mini kira na juya kai askar tana kan fata, ta zame gefe. Aska ba ta cika yankan mutum ba idan tana tafiya gaba, zamewa ta gefe ce ta fi tsaga fata. Alif na jiƙa na danna a wurin, jinin ya tsaya. Tun ranar nake rufe ƙofa, kuma askar a akwati mai makulli take kwana. A maƙogwaro kuwa ban taɓa bi ta kan ƙashin ba, fatar nake ja gefe in aske.

Fatar da na saya tare da ita ba ta burge ni ba, siririya ce, kuma ni da kaina na ƙara mata rauni. Ana goga aska ne bayanta na gaba, bakin na biye, idan an kai ƙarshe a juya ta ta kan bayan. Na juya ta kan baki sau biyu, na yanke fatar. Yanzu nakan yi sau talatin zuwa da dawowa kafin kowane aski, fatar a ɗame.

Yanayin Bauchi ma yana da nasa. Da na fara akwai sauran hunturu, kumfar sabulu kan bushe kafin in gama gefe ɗaya, sai na koma shafawa kaɗan-kaɗan, kuma ina yin askin bayan wanka da ruwan ɗumi. Da damina ta kankama a watan Agusta na manta da ita a banɗaki kwana biyu, na tarar da ɗigon tsatsa kusa da ƙusar ƙota. Irin wannan ƙarfen ba ya shiri da laima. Yanzu ina share ta ta bushe ƙarau, in ɗiga mata man keken ɗinki. Ƙusar ma ta ɗan saki, sai na lura wajen rufewa kada baki ya bugi ƙota.

Ba na ba kowa aronta, ko ƙanena. Ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau suna bi ta jini, kuma aska tana taɓa jini ko ba a gani ba.

Akwai askar Dovo da ake ƙerawa a Solingen ta Jamus tun 1906, da Thiers-Issard ta Faransa, amma kuɗinsu ba na mai koyo ba ne. Wannan tawa ta isa a koya da ita, muddin akwai wanzamin da zai wasa maka. Wanda ba shi da shi, gara ya fara da mai rabin reza, riƙon iri ɗaya ne, sai dai ita ta fi saurin yanka. Ƙurajena ba su ɓace duka ba, amma yanzu ɗaya ne ko biyu a wata. Askin da ke cin mini rabin awa ya dawo minti goma, safiyar Juma'a. Satin nan askar ta fara ɗan jan gashi a ƙarƙashin haɓa, gobe zan mayar wa Baba.